Ruwan Sama a Cikin Kaset ɗin Habu

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya riga ya san abin da zan rubuta. Ku 'ya'yana, in na yi muku Hausa da Larabci kuke ba ni amsa, na sani, amma wannan babin da Hausa zan rubuta shi, domin da Hausa aka yi laifin. Wanda karatun ya yi wa wuya ya nemi mai karanta masa. Kun taso kuna jin cewa labarin rasuwar baffanku Habu bai iso Madina ba sai bayan shekara huɗu. Ni na gaya muku haka, kuma ba gaskiya ba ne.

Sai kun san irin mutumin da nake a lokacin sannan za ku gane. Direban motar ziyara ne ni, ina kwasar alhazai daga Harami zuwa Kuba, zuwa Uhudu, in dawo da su kafin azahar. Muna zaune a gidan mahaifinmu a unguwar Sih, mu a ƙasa, Habu da matarsa Rakiya a sama. Ni da Habu a Madina aka haife mu, ban taɓa taka ƙasar Hausa ba har yau da nake rubutun nan. Rakiya kuwa can aka haife ta, can ta yi wayo, aure ne ya kawo ta. Allah bai ba su haihuwa ba tukuna.

Ƙiyayyata da rediyo tana da asali, kada ku ɗauka taurin kai ne kawai. Shekarar da aka yi yaƙi a gabashinmu, gidajen rediyon waje suka dinga cewa za a jefo iska mai guba. Kowa a unguwa ya manne tagoginsa da salatif, muka toshe ɗaki guda da jiƙaƙƙun tsummoki, muka sa Inna mahaifiyarmu a ciki, ita da take fama da ciwon ƙirji. Kwana da kwanaki tana zaune a ɗakin nan ba iska, tana jan carbi tana jan numfashi da ƙyar. Guba ba ta zo ba. Inna kuwa numfashinta bai sake daidaita ba, ba ta ga azumin baɗi ba. Ban ce rediyo ne ya kashe ta ba, ajali ne, amma ranar da muka dawo daga maƙabartar Baƙi'a na naɗe wayar akwatin na jefa shi saman kabad. Bayan wannan kuma na ga wani abu da idona. Wani mutum mai kwat yana bin alhazai da takardu a wajen tsayawar motoci, wai jin ra'ayin jama'a yake yi a kan al'amuran duniya. Ya tambayi mutum uku ko huɗu, rana ta buɗe, ya gaji. Da na kai mutanena Kuba sai ga shi a inuwar dabino, ya baje takardun a cinya yana cike su shi kaɗai, yana canza biro don kada rubutun ya zama iri ɗaya. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini an tambayi jama'a, kashi kaza cikin ɗari sun ce kaza, biron nan nake gani.

Muna da majalisa bayan la'asar a ƙofar shagon da Barau yake tsaro. Barau mutumin Nijar ne, da iƙama, wato takardar izinin zama, yake aiki, kuma ƙaramin rediyonsa ba ya rabuwa da kunnensa, musamman lokacin sashen Hausa. Shi yake kawo labarin duniya, ni nake rushe shi. In ya ce shugaban ƙasa kaza ya ce kaza, in ce wa ya ji shi? In ya ce an kashe mutum kaza a gari kaza, in ce wa ya ƙirga? Nakan ce musu muna zaune a garin da aka koya wa duniya kada ta karɓi magana sai an san wa ya ji daga wa, sa'an nan mu karɓa daga bakin wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, wanda ba mu san ko yana salla ba, ba mu san wa yake biyansa ba? Har suka sa mini suna Wa-ya-gani. Ina jin daɗin sunan, kuma sau da yawa ni nake da gaskiya, wannan ma ku rubuta shi.

Habu ba irina ba ne. Mutum ne mai dariya, mai son tafiya, sana'arsa citta da zoɓo. Shekarar da nake ba ku labari ya ce ya gaji da saye a hannun dillalai, zai je Najeriya da kansa, can yankin da ake noman citta, ya zauna da manoma tun kafin a haƙa. Ya tafi wajen watan Jimada. Garin ba waya a lokacin, ba zan kuma faɗi sunansa ba. Yadda muke gaisawa da mutanen can a zamanin shi ne kaset: mutum ya zauna gaban rikoda ya yi maganarsa, ya naɗe a takarda, ya ba wanda zai zo Umara ko Hajji. Wani kaset ya yi sati biyu a hanya, wani ya yi wata uku a jakar mai shi yana jiran biza.

A cikin Sha'aban, wata ranar Talata, na iso majalisa. Barau ya kashe rediyonsa ya ajiye a kan buhun shinkafa, abin da ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Malam Usmanu, zauna."

Na ce, "Yau kuma wace ƙasa aka ci da yaƙi?"

Ya ce, "An yi rikici a garin da Habu ya je. An ƙone kasuwa. Wakilin gidan rediyon ya ce cikin waɗanda suka rasu har da wani baƙo, ɗan kasuwar citta daga Madina, sunansa Abubakar. Sau biyu ya maimaita Madina."

Na zauna kamar yadda ya ce. Idanu goma suna kaina, sai bakina ya yi abin da ya saba.

Na ce, "Wa ya gani?"

Ba wanda ya yi dariya. Na ce Abubakar nawa ne a duniya, na ce mutumin da ya cika takardu a inuwar dabino shi ne ɗan'uwan wannan wakilin. Na je gida na tarar labari ya riga ni, Rakiya ta cire 'yan kunnenta da awarwaro ta zuba a faranti, mahaifiyarku tana riƙe da ita. Na tsaya a tsakar gida na ce ba za a jera kujerun aza, wato na zaman makoki, a ƙofar gidan nan ba, ba za a kunna fitilu a titi ba, ba wanda zai karɓi gaisuwar mutuwa, kuma Rakiya ba za ta shiga takaba a kan maganar akwati ba, sai mutum mai fuska ya zo ya ce ya gani. Washegari na je wani ofishi na tambaya, aka ce ba wata takarda da ta iso. Na dawo da wannan kamar na ciwo gasa.

Ana kwana goma ga azumi wani mai Umara ya yi sallama, ya miƙo kaset a naɗe da takardar siminti, da sunana a rubuce da hannun Habu. Ya ce shi ma wani ne ya ba shi a filin jirgi, bai san mai shi ba. Bayan la'asar na tara gida duka, na aika aka kira Barau da mutanen majalisa, na sa rikoda a tsakiyar tabarma. Makon nan an yi ruwa a Madina, irin ruwanmu na lokacin sanyi, har ƙasan tsakar gida ba ta gama bushewa ba. Na danna. Aka ji shuuu, sai tari, sai muryarsa kamar yana bayan labule.

"Salamu alaikum. Yaya, kana jina? Ni ne Habu. Ina nan lafiya lau, kada ku damu da duk abin da za ku ji."

Ya gaishe da kowa da sunansa, har ku, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce cittar bana ta yi kyau, ya ce abincinsu yaji ya yi yawa, ya yi dariya. A bayan muryarsa kuma ruwan sama ne yake dukan kwanon rufi, mai ƙarfi, har wani wuri sai ya ɗaga murya. Na tsayar da kaset na dubi Barau.

Na ce, "Ka ji ruwa? Shekaranjiya aka yi shi a nan. Wannan maganar ba ta fi sati ba. Ga mamacinku yana magana."

Mutane suka yi ta hamdala, Barau ya rungume ni yana neman gafara. Mu duka da muke 'yan Madina ba wanda ya ga aibin maganata, domin a wurinmu ruwa da sanyi tare suke zuwa. Barau ya sani, daga baya ya gaya mini ya sani, amma baƙo ne mai iƙama a gidan ɗan ƙasa, ga mutane suna murna, ya haɗiye. Rakiya ce kaɗai ba ta shiga murnar ba. Da aka watse ta same ni a bakin matakala, ta rufe rabin fuskarta da mayafi.

Ta ce, "Yaya, a can ba a ruwa yanzu. Tun kafin Rajab ya ƙare ruwa yake ɗaukewa. Wannan na damina ne, har kwaɗi na ji. Kuma cewa ya yi cittar ta yi kyau, bai ce an haƙa ba."

Na ce, "Allah da ya saukar da shi a nan ba ya iya saukar da shi a can?"

Ta ce, "Yana iyawa."

Na ce, "To halas, magana ta ƙare. Mayar da 'yan kunnenki."

Ta mayar. Ina jin ƙarar awarwaronta tana hawa matakala, a hankali, kamar mai ɗauke da tulu.

Yanzu ga abin da ko mahaifiyarku ba ta sani ba har ta koma ga Allah. Bayan Hajjin shekarar, lokacin da alhazai suka juyo Madina, ina wajen tsayawar motoci da hantsi sai wani yaron mota ya nuna ni ga wani tsoho. Siriri ne, da hular saƙi, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Ya ce sunansa Alhaji Ɗanjuma, kwana uku yana tambayar Hausawan Madina gidan su Habu mai citta. Na shigar da shi motata, ba kowa ciki, kujeru hamsin a bayanmu. Ya ce a gidansa Habu ya sauka. Ya ce ranar rikicin Habu ya je kasuwa neman buhuna, da yamma aka kawo shi a kan ƙofa. Shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabarin ya karɓe shi. Ya ciro agogon Habu daga aljihu, gilashin ya tsage, ya ɗora mini a gwiwa.

Ga mutum mai fuska, ga wanda ya gani. Abin da na ce ina jira ke nan. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To su 'yan rediyo, wa ya gaya musu?"

Ya ce, "Ni ne, ɗana. Jakarsa ta ƙone da adireshinku a ciki. Ba mu da waya, ba mu san kowa naku ba. Da yaron nan mai ɗaukar labari ya zo, na riƙe rigarsa na ce don Allah ka faɗi sunansa, ka ce daga Madina, ka maimaita, ko iyalinsa za su ji su yi masa addu'a. Kun ji kuwa?"

Na ce, "Mun ji."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Matarsa ta fita takaba ke nan ko ta kusa."

Na ce, "Ta kusa."

Na kai shi ya ci abinci, na saya masa dabino, na mayar da shi masaukinsa. Ya so ya zo ya yi wa iyali gaisuwa, na ce gida ba kowa. Na sa agogon a ƙarƙashin kujerar direba. A hanyar gida na shirya yadda zan faɗa, wallahi na shirya. Da na shigo layinmu sai na hango majalisa, Barau ya ɗaga mini hannu, wani ya ce ga Wa-ya-gani nan, wanda ya kunyata Turawa da kaset guda. Na zauna aka zuba mini shayi. Na ce gobe. Goben nan ita ce ta zama shekara huɗu. Ba tausayin Rakiya ne ya rufe mini baki ba, kada wani ya gyara mini labari bayan raina. Kunya ce, da son a ci gaba da cewa na fi kowa gani.

Manyanku za su tuna Juma'o'in da suka biyo baya. Ni na kafa al'adar, don in nuna ban yi shakka ba: in an sauko daga masallaci an ci abinci, sai a sa kaset. Lokacin nan ne da Madina take yin shiru, rana ta kori kowa daga titi, ba ka jin komai sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Sai mamaci ya yi sallama a tsakiyar ɗakinmu, mu amsa. Ya kira sunayenku, ku ce na'am. Ya ce, "Rakiya, ina gajiya?" ta ce, "Ba gajiya," idonta a kan tabarma. Da aka yi ta juya shi zaren ya fara saki, muryar ta yi nauyi, ta yi ƙasa, tana jan kalmomi, har wata rana mahaifiyarku ta ce a kashe, wannan ba muryar Habu ba ce, ta marigayi Baba ce. Ni kuwa wuri ɗaya nake tsoro. In ya ce, "Yaya, kana jina?" akwai ɗan shiru kafin ya ci gaba, kuma shirun nan yana ƙara tsawo kowace shekara, kamar yana jira in amsa da gaske. A Harami kuma, duk sallar da aka yi kiran sallar gawa a bayanta, nakan sa Habu a cikin niyyata a ɓoye, ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da mutanen da na gaya wa yana raye.

Kuka yi ta tambaya me ya hana shi dawowa. Na ce wataƙila an tsare shi, wataƙila ya yi nisa cikin daji, har na bari mutane suka fara raɗa cewa ya yi wani aure a can ya manta da gida. Na ji wannan ƙazafin da kunnena a kan ƙanina da ke kwance a kabari, ban tanka ba. Rakiya tana sama ita kaɗai, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Tana dafa abinci, tana yi muku kitso da wanki, tana sa kwalli ran Juma'a domin na ce matar mai rai ba ta zama ba ado. Ta zo gidanmu tana da shekara ashirin da 'yan kai. Ba ta sake yi mini maganar damina ba ko sau ɗaya, sai dai wani lokaci in na ɗago kai in tarar tana kallona, ba fushi a fuskarta, kallon wanda yake jiran a gama magana.

Da shekara huɗu ta cika ta sauko da kanta, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Yaya, na tambayi malamai. Sun ce matar wanda ya ɓace tana iya kai maganarta gaban alƙali. Ina so ka raka ni. Za a tambaye ka ko kana da wani labarinsa, ka rantse ba ka da shi, shi ke nan."

Na ce to. Na ɗauke ta a ƙaramar motata, tana baya. Muka isa ƙofar kotu wajen ƙarfe goma, na kashe mota, na kasa buɗe ƙofa. Na yi ƙarya ga matata, ga 'ya'yana, ga majalisa, amma in ɗaga hannu in rantse da Allah a garin Manzonsa, nan ƙafata ta tsaya. Agogon yana aljihuna, tun da asuba na ɗauko shi ban san dalili ba. Na miƙa mata ta baya ban juya ba, na faɗa mata komai, da sunan tsohon, da ranar da ya zo.

Ta karɓi agogon. Sai ta ce, "Wa ya yi masa wanka?"

Na gaya mata.

Ta ce, "An yi masa salla?"

Na ce an yi.

Ta ce, "Mayar da ni gida, in shiga takaba."

Ba mu je gida kai tsaye ba. Na ce mu biya wurin wani malami a unguwar Jurf mu ji yadda ake yi, ina tsammanin ko wannan zan yi daidai. Malamin ya saurara, ya tambayi watan rasuwar, ya ƙirga da yatsunsa. Ya ce idda daga ranar mutuwa take farawa, ba daga ranar jin labari ba. Ya ce tata ta ƙare tun shekarar farko, babu takaba a kanta, in ta so ko gobe a ɗaura mata aure. Ni da wautata har na ji sanyi a raina, na ɗauka sauƙi ne ya zo mata.

Na jera kujerun aza a ƙofar gida kwana uku, na kunna fitilu. Na ce wa mutane yanzu labari ya tabbata, ban ce yaushe ba. Waɗanda suka zo ba su cika layin farko ba, abokan cinikinsa sun watse, wasu sun mutu, Barau iƙamarsa ta ƙare ya koma gida. Mutane suna shan gahawa suna hirar wani sabon yaƙi da suka gani a talabijin ta dish. Rakiya ba ta tona ni ba, ga kowa. Bayan wata biyu 'yan'uwanta suka aiko mata da tikiti. Har yau ban yarda da masu karanta labarai ba, kuma in kun ce mini an tambayi jama'a zan tambaye ku wace jama'a. Amma sau ɗaya wani tsoho ya riƙe rigar ɗayansu ya aiko mini da gaskiya, ni na tare ta a ƙofa.

Ni na kai ta filin jirgi. Kafin ta shiga na ce ta yafe mini shekaru huɗun da na cinye mata.

Ta ce, "Shekarun na yafe, Yaya, Allah ya riga ya rubuta su. Amma wata huɗu da kwana goma nawa ne ni da shi. Su ne abu na ƙarshe da zan yi masa a matsayin matarsa, ka sa na yi su da kwalli a ido. Waɗannan ka tambaye shi in kun haɗu."